Kafin Ka Saya, Tambayi Inda Kayan Gyaransa Suke

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka, barkanmu da sake haɗuwa a shirinmu na faɗakarwa. Gaisuwa ta musamman ga 'yan uwanmu mazauna kudu: na Fatakwal, tun daga Mile 1 da Mile 3 har Eleme da Oyigbo, na Anacha, a Bida Road da bakin gada, na Inugu, a Owerri Road da Gariki da Ninth Mile. Muna gaishe da mutanen karar shanu ta Lokpanta da ta Ugwuoba, da direbobin da muryar nan ta riska a Obollo-Afor sun yada zango. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya mayar da kowa gida lafiya.

Yau za mu taɓo abubuwa uku ne: kayan gyaran mota, da manyan injinan da ke aiki inda babu kwalta, da kuma wayar tarho. Na san wani zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ga abin da ya haɗa su. Dukkansu ƙarafa ne da ba sa rayuwa su kaɗai. Mota ko katafila ko waya, darajarta tana ga mutanen da ke bayanta: mai sayar da kayan gyaranta, da bakaniken da ya san cikinta, da kamfanin da ke ba ta sabis. Ranar da waɗannan suka ɓace, abin da ke hannunka ya zama na 'yan gwangwan, komai ƙyallinsa.

Zaman Bahaushe a waɗannan garuruwa ba na jiya ba ne. An gano kwal a yankin Udi a 1909, Turawa suka kafa Fatakwal don su sami tashar fitar da shi, jirgin ƙasa ya haɗa ta da Inugu a 1916. Da aka gama gadar Makurdi a 1932, sai dogo ya miƙe daga Arewa har bakin teku, fatake da mahauta da 'yan tireda suka bi shi. Har ta kai a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato da fataucin shanu ya kai shi can, shi aka zaɓa magajin garin Inugu na farko. Amma jirgin nan ya yi rauni tun da daɗewa. Yanzu shanu da albasa da tumatir da wake duk a kan taya suke gangarowa, manja da takin zamani na Eleme da man fetur a kan taya suke hawa. Ke nan cinikin kowane zango a kudu yana rataye ne da lafiyar inji. Tirelar tumatir ta kwana biyu a hanya saboda boris ɗaya ya ƙone, an yi asarar da ta ninka kuɗin boris ɗin sau ɗaruruwa.

To ina ake samun kayan? Wanda ya daɗe a kudu ya sani, amma baƙo yana bukatar a faɗa masa. A Fatakwal kasuwar Ikoku ce, a cikin Diobu. A Inugu akwai Coal Camp, tsohuwar unguwar ma'aikatan kwal, wadda ta koma matattarar masu kayan gyara da maƙera da masu walda. A ɓangaren Anacha kuwa sai ka zaɓa: sababbin kaya suna Nkpor, na hannu suna Mgbuka a Obosi, inda ake farke mota a sayar da ita gaɓa-gaɓa. Uwa uba kuma Nnewi, wadda ba ta da nisa daga Anacha, da kasuwarta ta Nkwo. Kayan da kake gani a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari a Kano, ko a Panteka a Kaduna, musamman na babur, da yawansu ta nan suka biyo.

Ina so mu ɗan tsaya a kan Nnewi, domin akwai abin koyo a cikin labarinta. Mutanen garin sun fara ne da sufuri. Sir Louis Odumegwu Ojukwu, wanda ya yi suna da manyan motocin ɗaukar kaya tun zamanin Turawa, ɗan Nnewi ne. Mai mota dole ya nemi kayan gyara, to daga nan wasunsu suka ga cewa sayar da kayan ma sana'a ce mai zaman kanta. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, da yawa suka koma gida hannu wayam, suka sake farawa daga ƙaramar rumfa. A shekarun 1980, da kuɗin waje ya yi wuya, shigo da kaya ya yi tsada, sai wasu daga cikinsu suka sayo injina daga Taiwan, suka fara ƙera kayan a garinsu. Cletus Ibeto ya kafa masana'antar batir da sauran kayan mota. Innocent Chukwuma, wanda ya tashi a cinikin kayan babur, shi ne ya buɗe kamfanin haɗa motoci na Innoson a 2010. Duk wannan bisa tsarin da suke kira igba boi ya ginu: yaro ya zauna da ubangida shekaru yana koyo, ranar sallama a ba shi jari ya buɗe nasa shagon.

Dattawan direbobi za su tuna Marsandi 911. Me ya sa motar nan ta yi tsawon rai a hanyoyinmu har ta ga jikoki? Ƙarfinta gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba ne. Kamfanin ANAMMCO da aka buɗe a Emene ta Inugu a 1980 ya riƙa haɗa manyan motocin Marsandi a ƙasar nan, kayansu suka cika kasuwa, kowane gareji akwai wanda ya san su. Haka Fijo ta yi bayan an buɗe kamfaninta a Kaduna a 1975. Motar da za ta lalace a ƙauye a gyara ta a ƙauyen, ita ce motar talaka. Saboda haka, Alhaji, idan dillali ya kawo maka mota mai kyau da araha, wadda ba ka taɓa ganin irinta a tasha ba, kada ka fara da tambayar kuɗi. Aika yaro Ikoku ko Nkpor ya tambayo famfon manta, da kulocinta, da gilashin gabanta. In shago uku suka ce sai an yi oda daga waje, ka riga ka sami amsa.

Kayan gyara a kasuwannin nan hawa-hawa ne, kuma ba laifi ba ne a ce haka. Akwai na asali, wanda kamfanin motar ya yi ko ya amince da shi. Akwai na hannu, wanda ake kira Beljiyam ko tokumbo, da aka ciro daga motar da ta yi aiki a Turai ko Amurka ko Japan. Akwai sabo na wani kamfani dabam, ɗan Taiwan ko ɗan Chana ko ɗan Nnewi, wanda ya zo da sunansa a fili, wani nagari, wani dama-dama. Duk waɗannan ciniki ne na halal muddin an faɗa maka abin da kake saya. Wanda muke kuka da shi shi ne jabu: kaya marar inganci da aka sa a kwalin na asali, aka karɓi kuɗin na asali. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya tana kamawa tana ƙonawa, amma ba ta tsaye a bayanka lokacin da kake ciniki.

Abin da zai tsaya maka shi ne lamba. A nan ne, wallahi, muke da rauni. Mutuminmu zai shiga shago ya ce a ba shi birkin DAF, ko filtar Hilux, shi ke nan. Alhali mota ɗaya tana da ƙira iri-iri gwargwadon shekara da ƙasar da aka yi ta dominta. Kowace mota tana da lambar shasi, yawanci mai haruffa da lambobi 17, tana cikin takardunta, tana kuma jikin motar. Kayan gyara da yawa su ma suna da tasu lambar a jikinsu. Ɗauki hoton lambar shasi ka ajiye a wayarka. In wani abu ya lalace, sa bakanike ya ciro tsohon, ku tafi da shi, a aza shi kusa da sabon a gwada. Sannan a rubuta maka rasit mai sunan shago, da lambar kayan, da sharaɗin cewa in bai shiga ba za a canza. Mai shago na gaskiya ba ya jin haushin wannan, don shi ma kariya ce gare shi.

Akwai wuraren da za ka iya lallaɓawa da mai araha: madubi, murfin fitila, abin da in ya lalace ba za a rasa rai ba. Amma birki da sitiyari da taya, malam direba, kada ka nemi sauƙi a nan. Ita taya tana da ranar haihuwa a gefenta, lambobi huɗu a jere. In ka ga 2423, ma'anarsa an yi ta a mako na 24 na shekarar 2023. Hukumar kiyaye haɗurra ta daɗe tana jan kunne cewa tayar da ta haura shekara huɗu ta tsufa, ko da zanenta bai goge ba, domin roba tana bushewa ko a ajiye take. Tayar Beljiyam da aka yi don ƙasar sanyi, ta riga ta ci shekarunta a can, sannan a ɗora mata shanu talatin a bi da ita kwaltar Lafiya da Makurdi da tsakar rana, wa ya isa ya ce ga inda za ta fashe? A bayan motar nan kuma akwai 'ya'yan mutane zaune a kan katako.

Mu juya ga manyan injina: katafila, gireda, motar haƙa, tarakta, da tifa masu shiga ramin yashi. Fatakwal cibiyarsu ce, saboda aikin mai da tashar jiragen ruwa ta Onne da unguwar masana'antu ta Trans-Amadi. A can har akwai katafilar da aka yi don laka, mai tafiya a kan fadama inda mutum ma zai nutse. Idan kamfani ya gama kwangila yakan sayar da injinansa, kuma 'yan kwangilarmu da masu haƙar ma'adinai da manyan manoma daga Arewa suna zuwa saye. Ana samun alheri a nan, ana kuma samun kuka.

Injin irin wannan ba a auna tsufansa da tafiya, da awa ake aunawa, akwai agogo a jikinsa mai ƙirga awannin aiki. Amma agogo ana iya canza shi, don haka kada ya zama shi kaɗai ne shaidarka. Dubi sarƙar da yake tafiya a kai da ƙafafun da ke juya ta, domin gyaransu yana cikin mafi tsada. Dubi famfon haidurolik da tiyoyinsa, ko suna zubar da mai. Ka je da sassafe a tayar maka da shi yana sanyi, kada ka yarda a ce an riga an ɗumama shi kafin ka iso, domin injin da ya gaji da sanyin safiya yake tona kansa. Sai abu ɗaya da ya shafi yankin nan musamman: injin da ya yi shekaru a ruwan gishiri na bakin teku, tsatsa tana cinsa ta ciki. Sabon fenti ba ya warkar da tsatsa. Sunkuya ka leƙa ƙarƙashinsa da fitila. Ka kwafi lambar da ke kan farantin jikinsa, ka kai wa dillalan kamfanin da ya ƙera shi, kamar Mantrac mai wakiltar Caterpillar a Nijeriya, su gaya maka shekararsa da ko har yanzu ana samun kayansa. Ka nemi takardar kwastan da shaidar mallaka. Ka kuma lissafa kuɗin motar da za ta ɗauko shi zuwa Zamfara ko Neja ko Bauchi, da wanda zai gyara shi a can cikin daji. In aikinka na wata biyu ne, haya ta fi maka saye, wannan ra'ayina ne kuma ina tsaye a kansa.

Yanzu waya. Matasa ba za su gane wahalar da iyayensu suka sha ba. Kafin 2001, layukan tarho a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, kusan duka a hannun NITEL, wadda aka kafa a 1985. Kowane gari da lambarsa: Kano 064, Kaduna 062, Sakkwato 060, Fatakwal 084, Anacha 046, Inugu 042. Har gobe mutanen Inugu suna yi wa garinsu kirari da 042. Ɗan kasuwar da ke son sanin farashin albasa a gida sai ya bi layi a ofishin waya, ya kira wani mai tarho a unguwa, a aika yaro ya nemo wanda ake so. Ga mafi yawan mutane kuwa, direba shi ne gidan waya: wasiƙa da kuɗi da kaset duk a aljihunsa.

A wannan tsakanin ne ƙananan kamfanonin waya masu zaman kansu suka taso, kowanne da garuruwan da yake aiki. Rainbownet yana da mazauni a Inugu. Bourdex ya tashi daga Aba. Akwai Reltel, wanda daga baya ya koma Zoom Mobile, akwai Multi-Links da Intercellular, akwai Starcomms da mutanen Kano da na Fatakwal suka sani sosai. Fasahar da yawancinsu suka yi amfani da ita ana kiranta CDMA. Kiran cikin gari a wurinsu da araha, murya tana fita tas, don haka masu shaguna da masu buga waya a ƙarƙashin lema suka rungume su. Sai dai layinsu na gari ne. Ka fita daga inda ƙarafunansu suka tsaya, waya ta yi shiru.

A watan Janairun 2001 hukumar sadarwa ta NCC, ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowanne. MTN da Econet suka fara aiki a watan Agustan shekarar, minti ɗaya naira 50. Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, farashi ya fara sauka. Ga mutumin da rayuwarsa take tsakanin Illela da Anacha, zaɓi bai yi wuya ba: layin da zai bi shi duk tsawon hanya yake so. Ƙananan kamfanonin nan suka yi ta ƙoƙarin faɗaɗawa, amma kafa ƙarfen sabis a kowane gari da ciyar da shi da gas dare da rana yana son jarin da ba su da shi. Visafone, da Jim Ovia ya kafa a 2007, ya haɗiye Bourdex da wasu, shi ma MTN ya saye shi a 2016. Sauran suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wayoyinsu kuwa, da yake ba sa karɓar layin GSM, suka koma cikin akwati lafiyarsu ƙalau, ba abin da ya same su sai rashin mai ba su sabis. Wanda ya buga lambar a allon shagonsa ya rasa masu nemansa.

A yau wayar salula ta shiga tsakiyar cinikin kayan gyara. Mota ta tsaya a Ninth Mile, direba ya ɗauki hoto ya tura ta WhatsApp, mai shago a Nkpor ya duba, maigida a Kano ya tura kuɗi, a ba motar haya kaya, kafin magariba sun iso. Wannan ni'ima ce, sai godiya. Amma a da hannunka yana taɓa kayan, idonka yana ganin mai shagon. Yanzu murya kawai kake ji, kuma ɓarayi sun gane haka. Saboda haka kada ka tura kuɗi ga lambar da ka tsinta a Facebook ba tare da wani da ka sani ya taka ƙafa ya ga shagon ba. A kowane ɗayan garuruwan nan akwai Sarkin Hausawa, akwai shugabannin direbobi da na 'yan kasuwa, su ma kasuwannin kayan gyara suna da ƙungiyoyinsu da ofisoshin da ake kai ƙara. Yi amfani da su kafin ciniki, kada ka jira sai an cuce ka. Nemi a kira ka ta bidiyo a nuna maka kayan da lambarsa. Duba ko sunan da ke kan asusun banki ya dace da na mai shagon. In an ɗora kaya a mota, karɓi lambar direba da lambar motar. In kai ne mai sayarwa, kada ka saki kaya don an nuna maka hoton alat, buɗe asusunka ka gani da idonka. A kuma riƙa lura da ranar Litinin a jihohin kudu maso gabas, domin daga watan Agustan 2021 umarnin zaman gida na ranar ya sha hana kasuwanni buɗewa da motoci tafiya. A tambaya kafin a kama hanya.

Layin wayarka ma ka ɗauke shi a matsayin jari. Ka yi masa rajista da sunanka da lambarka ta NIN, kada ka riƙe layin da wani ya yi wa rajista, ko da ɗan uwanka ne, tunda asusun bankinka yana ɗaure da shi. Kada ka karanta wa kowa lambobin sirri da banki ya turo maka, ko ya ce daga bankin yake kira. Layin da aka daɗe ba a taɓa ba, kamfani yana iya karɓewa ya sayar wa wani, to masu zuwa ci-rani su koma gida da damina su kula da wannan. In kamfanin waya ya ci maka kuɗi, ka kai kuka bai saurare ka ba, lambar NCC ta koke ita ce 622, kyauta ake kira.

Akwai magana ɗaya da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma da iyaye nake. Mu ne ke tuƙa tirela da tanka a hanyar nan, mu ne ke kan babur da keke a unguwanni, kuɗinmu yana shiga Ikoku da Nkpor da Coal Camp kullum safiya. Amma shiga layukan kasuwannin nan ka ƙirga shagunan da suke na 'ya'yanmu. Yaranmu suna wurin, sai dai suna dako, suna tura baro, suna sayen tsohon ƙarfe. Ba raina sana'ar kowa nake yi ba, duk neman halal abin girmamawa ne. Amma yaron da ya iya bambance ƙarfe da alminiyam da jan ƙarfe da ido, zai iya koyon bambance fistin da fistin. Abin da ya rage masa karatun lamba ne da ubangidan da zai riƙe shi. Maƙwabtanmu Ibo da yawa suna jin Hausa, wasunsu a Kano da Jos da Gusau aka haife su, kuma ciniki ya daɗe da haɗa mu. Alhazanmu masu motoci goma, ashirin, me zai hana ku zaɓi yara biyu masu natsuwa, ku zauna da mai shagon da kuka shekara kuna saye a wurinsa, a gaban Sarkin Hausawa da shugaban kasuwa, a rubuta yarjejeniya: shekara nawa, wa zai ciyar, me za a ba yaro ranar sallama? Mu ma muna da tsarin maigida da yaronsa a Kantin Kwari da Dawanau. Kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ta nuna cewa matasanmu suna iya kama sana'ar da iyayensu ba su gada ba, har su ƙware a gyaran abin da ya fi fulogi ƙanƙanta.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba takardun da ya kamata direba ya riƙe daga Arewa zuwa kudu, da bambancin harajin da doka ta sani da wanda ake karɓa da sanda a kan hanya.